Masu Musu, Ku Matso Kusa

Na san ku sarai. Tun ban buɗe baki ba na ga kun gyara zama, kun karkata hula, kun ajiye dariya a bakin leɓe tana jiran sallama. Ku ne kuka ce ba a taɓa zuwa duniyar wata ba, a bayan gari aka ɗauki fim ɗin. Ku ne kuma in wani da ba ku san ko sunansa ba ya turo saƙo a waya cewa wanka da ruwan gishiri na korar annoba, kafin asuba kun tura wa mutum arba'in. To, yau na kawo muku abin musu mai maiƙo. Mai shayi, ƙara musu kofi ɗaiɗai a aljihuna, don kada wani ya ce yunwa ce ta hana shi ganewa.

Ranar Lahadi 9 ga Oktoba 2022, ƙarfe 2 da minti 17 na rana agogon Najeriya, wasunku na alwalar azahar, wasu na leƙen tukunya, wani haske ya ratso ta kan duniyarmu. Ya baro gida tun shekara biliyan 1.9 da suka wuce, yana gudun kilomita 300,000 a kowace daƙiƙa, bai tsaya shan ruwa a hanya ba. Wani ƙaton tauraro ne ya mutu, wannan hasken kuwa shi ne sanarwar rasuwarsa. Ƙarfinsa ya kai har na'urorin da aka harba sama musamman don jiran irinsa suka dushe, kamar wanda aka dalla wa fitilar tirela a ido. Masana sun yi kirdadon cewa sai an yi wajen shekara 10,000 kafin a sami mai haske irinsa sau ɗaya.

Na ga Alhaji ya ɗaga hannu. "In tauraro ya fashe, yaya ba mu ji ƙara ba? Tayar babur ma in ta fashe a bakin kasuwa sai an watse."

Alhaji, Allah ya ja da ranka, ƙara fasinja ce, iska ce motarta. Tsakaninmu da taurari kuwa babu iska ko ta cika cokali, don haka ƙarar tana can tasha ba ta sami mota ba. Haske ne kaɗai ke tafiya da ƙafarsa.

"To, mun ji. Hasken fa? Ni ranar ina waje, ban ga komai ba."

A nan ne nake son ka tuna ranar da ka faɗi daga kan babur, aka kai ka asibiti aka ce sai an ɗauki hoton ƙafa. Ka ga hasken da ya ratsa naman ya nuno ƙashin? Ba ka gani ba. Amma ka biya kuɗin hoton ba gardama, ka kuma ɗaga baƙar takardar nan sama kana nuna wa 'yan dubiya inda tsagin yake, sai ka ce kai ka karanta likitanci. Wannan hasken shi ne eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Yana da wa wanda ya fi shi zafin kai, ana ce masa hasken gama. Idon ɗan'adam ba ya ganin ko ɗaya a cikinsu. Kuma Allah cikin rahamarsa ya lulluɓe duniya da bargon iska mai shanye su tun a sama, shi ya sa ba su iso kan hularka ba. Wanda ke son ganinsu dole ya ɗora na'urarsa a kan tauraron ɗan'adam, ya tura ta can bayan bargon.

Yanzu ku saurari abin da zai ɓata muku rai. Kuna taƙama ku ne gwanayen rashin yarda, alhali masu rashin yardar da suka fi ku ne suka gano wannan al'amari.

A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka sa hannu cewa sun daina gwajin bam ɗin nukiliya a cikin iska, da ƙarƙashin ruwa, da sararin samaniya. An yi musabaha, an yi murmushi, amma ko kishiyoyi sun fi su yarda da juna. Amurka ta koma gida ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela, aikinsu kawai laɓe: in Rasha ta saci jiki ta tayar da bam a sama, su kama walƙiyar gama da za ta fito. Ranar 2 ga Yuli 1967 sai ga walƙiya. Aka duba, ba ta yi kama da ta bam ba. Da ku ne, kafin magariba labari ya zaga gari cewa an fara yaƙin duniya na uku. Su kuwa mutanen ɗakin bincike na Los Alamos, Ray Klebesadel da abokan aikinsa, sai suka ƙi yarda da idanunsu. Suka tara irin waɗannan walƙiyoyi, suna auna tazarar lokacin da kowace ta isa ga wannan na'ura da waccan, don su gane daga wane ɓangare ta fito. Sai da suka tabbatar ba daga duniya ba ce, ba kuma daga rana ba, sannan suka buga sakamakon guda 16 a 1973. Shekara shida ke nan suna riƙe da labari a ciki. Ku ko minti shida kuka riƙe labari sai cikinku ya kumbura.

Maigadi ya zauna dakon ɓarawo, sai ga baƙo daga wata duniya ya yi sallama.

Daga nan masana suka buɗe tasu majalisar, musu ya ɓarke na fiye da shekara ashirin. Wannan ya ce daga nan kusa walƙiyar take, cikin garken taurarin da ranarmu ke ciki. Wancan ya ce daga can ƙurewar sarari take. An kawo bayanai mabambanta sun haura ɗari. Abin da ya hana a raba gardamar kuwa shi ne, walƙiyar ba ta zama a gaisa. Wata daƙiƙa ɗaya, wata minti ɗaya, ta ɗauke. Kamar a ce kana tsakar daji cikin duhun dare wani ya ƙyasta ashana ya hure. A gabanka yake da ashana, ko gobara ce a wani gari mai nisa? Ba ka da hanyar sani.

A 1991 Amurka ta harba wata babbar na'ura mai suna Compton. Kusan kullum sai ta kama walƙiya ɗaya, har ta tara 2,704 kafin a yi mata ritaya a 2000. Aka zuba su a taswirar sama, aka ga sun watsu ko'ina daidai wa daida, kamar an watsa gero a tsakar gida. Ga inda hankali ke aiki: garken taurarinmu shimfiɗe yake kamar faifai. Da daga cikinsa suke, da sun yi layi a gefen faifan. Tunda ba su yi ba, alama ta karkata ga masu cewa daga nesa suke. Amma masu cewa kusa ba su saduda ba. A Afrilun 1995 aka tara jama'a a birnin Washintan, Bohdan Paczyński ya tsaya wa nesa, Donald Lamb ya tsaya wa kusa, aka fafata, aka tashi kowa da hularsa a ka. Har nan dai ba su fi ku ba.

Inda suka tsere muku shi ne abin da ya biyo baya. Ku in musu ya yi tsami sai ku ce a bar zancen, a kawo wani. Su sai suka ce a tashi a je a gani.

Kowace uwar gida ta san cewa in harshen wuta ya mutu, garwashi na nan. Wanda ya zo da safe ya tarar da murhu da ɗumi ya san inda aka yi girki. Masana suka ce lalle wannan wuta tana barin garwashi, kuma ya kamata garwashin ya yi ta hucin eksire na awanni ko kwanaki. Italiya da Holan suka haɗa kuɗi suka harba BeppoSAX a 1996. Ranar 28 ga Fabrairu 1997 ta kama walƙiya, aka juya idonta na eksire wajen cikin awa takwas, sai ga garwashi yana dusashewa a daidai wurin. An sami adireshi. Manyan madubin hangen nesa na ƙasa suka juya can suka ga ɗigon haske. A watan Mayu na wannan shekarar aka sake kama wata, madubin Keck da ke Hawai ya tsefe haskenta launi-launi.

Malam, na ga ka yamutsa fuska. "Tsefe haske kuma? Kitso ne?" Ka taɓa tsayawa a bakin titi mota ta wuce tana oda? Tana tahowa muryar odar siririya, tana wucewa sai ta yi kauri. Haske ma haka yake, abin da ke nisantarmu launinsa kan rinjaya zuwa ja, kuma gwargwadon rinjayar gwargwadon nisan. Da aka auna na watan Mayun nan, sai aka ga hasken ya yi tafiyar fiye da shekara biliyan 6. Musun shekara ashirin da ɗoriya ya mutu a dare ɗaya, masu cewa kusa suka miƙa wuya ba tare da an kai kowa gaban alƙali ba. Yaushe rabon da a ji ɗayanku ya ce "na yarda ka fi ni gaskiya" a wannan benci?

To wace irin wuta ce za a hango ta daga wannan nisa? Wadda ke zubar da ƙarfi cikin 'yan daƙiƙoƙi kwatankwacin abin da ranarmu za ta fitar a duk tsawon rayuwarta ta shekara biliyan 10. Tauraro kokawa yake yi tun daga haihuwa: nauyinsa na danne shi ciki, zafin wutar cikinsa na tura shi waje. Muddin akwai makamashi, canjaras ake yi. Ranar da makamashin ƙaton tauraro ya ƙare, wanda ya ninka rana sau gommai a nauyi, cibiyarsa kan rufta cikin ƙiftawar ido, kamar ɗakin da gara ta cinye azararsa. Wani lokaci ruftawar kan haifi baƙin rami, wurin da ko haske ya faɗa ba ya fita. Abin da ramin ya kasa haɗiyewa sai ya yi tsartuwa ta ɓangarori biyu da gudun da ya kusa kamo na haske. In bakin tsartuwar ya saito mu, mu ga walƙiyar gama. In ya kalli wani gefen, ta wuce ba mu sani ba. Sa'ad da tsartuwar ta ci karo da iskar gas da ke kewaye, sai ta yi ta huci, wannan hucin shi ne garwashin eksire. A 1998 da 2003 an ga fashewar tauraro ta bayyana a daidai inda walƙiya ta fito, shaida ta cika.

Ɗan samarin can mai danna waya ya ce, "Duk tatsuniyar Turawa ce, mu me ya haɗa mu da ita?"

Yaro, ajiye wayar. A shekarar 1006, shekaru ɗaruruwa kafin a ƙera madubin hangen nesa, wani sabon tauraro ya bayyana a sama. Cikin waɗanda suka rubuta labarinsa har da Ali ibn Ridwan na Masar, wanda ya shahara a likitanci. Ya kwatanta girmansa da na Zahra, ya auna haskensa da na wata, ya faɗi inda yake a sama. Yau na'urar Chandra, wadda aka harba a 1999, ta ɗauki hoton ɓaraguzan wannan tauraro da eksire, suna nan suna ta faɗaɗa. A 1054 ma Sinawa sun rubuta wani da aka yi kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, ɓaraguzansa na nan a yankin sama ɗaya da Kaza da 'Ya'yanta. Su waɗancan da suka ga abin mamaki alƙalami suka ɗauka.

Kuma in Afirka kake nema a labarin, ga ta. Tauraron ɗan'adam na farko da aka ƙera musamman don kallon sama da eksire, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi, kusa da Malindi, ranar 12 ga Disamba 1970. Ranar ta dace da bikin 'yancin Kenya, shi ya sa aka raɗa masa Uhuru, wato 'yanci da Swahili. Tashar Malindin nan ce kuma ta yi ta karɓar saƙonnin BeppoSAX, da na magajiyarta Swift. Ashe labarin mutuwar taurari har a nahiyarka yake sauka, kai ne dai ba a gaya wa ba.

Swift ɗin nan sunan tsattsewa ta ci, kuma ta cancanci sunan. An harba ta a Nuwamban 2004. An ƙera ta yadda da ta hango walƙiyar gama, ba ta jiran umarnin kowa, sai ta juya jikinta cikin minti ɗaya zuwa biyu ta kafa wa wurin idon eksire, ta kuma aiko da adireshi ƙasa cikin daƙiƙoƙi. Wayoyin masana su yi ƙara, ko tsakar dare ne su tashi daga barci. Idon eksire kuwa ƙira ce ta daban, domin madubi irin na ɗakin amarya ba ya mayar da wannan haske. Sai an kwantar da madubin a karkace hasken ya goge shi ya wuce, yadda yara ke jefa sakaina a kan tafki ta yi ta tsalle a fuskar ruwa.

Da wannan tsattsewa aka yi wani gamon katar ranar 9 ga Janairu 2008. Wata masaniya, Alicia Soderberg, tana amfani da ita wajen kallon wani tauraro da ya riga ya fashe a wani garke, sai wani tauraron daban a garken ya fashe a gaban idonta, hucin eksire na 'yan mintoci. Ta je ta'aziyya ta tarar da wata rasuwar. Kafin nan sai bayan kwanaki ake tsinkayar irin wannan fashewa. Ga kuma ta masu cewa sai sun gani da ido: ranar 19 ga Maris 2008 wata walƙiya ta yi hasken da ido tsirara zai iya gani na kusan rabin minti, daga nisan tafiyar haske ta shekara biliyan 7.5. Wato hasken ya kamo hanya tun ba a halicci duniyar nan ba. Kyamarori sun ɗauka. Alhaji kuwa yana ciki yana minshari.

Hajiya, na ji ki daga bayan labule. Kin ce duk wannan surutu ba ya sa tukunya ta tafasa. Gaskiyarki, ba zan yi miki ƙaryar cewa walƙiyar gama za ta rage kuɗin masara ba. Amma taɓa kunnenki. Walƙiyar iri biyu ce: doguwa, mai wuce daƙiƙa biyu, yawanci ta mutuwar ƙaton tauraro ce. Gajeruwa kuwa ta karon gawa da gawa ce. Akwai taurarin da in sun mutu sukan dunƙule su koma curin da faɗinsa wajen kilomita 20 ne kawai, amma ya fi rana nauyi. In biyu suka yi ta zagaya juna, ƙarshenta su gwabza. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar irin wannan karo, bayan daƙiƙa 1.7 tauraron ɗan'adam Fermi ya ga walƙiyar gama daga wannan sashe. Shaidu biyu, ɗaya da kunne ɗaya da ido, ba su haɗa baki ba. Aka gano wurin, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130, bayan kwana tara Chandra ta ga garwashinsa. Da aka tsefe hasken sai aka ga alamun ana ƙera ƙarafa masu nauyi a cikin tarkacen, dangin su zinariya. Wato ɗan kunnen da aka sa miki a lefe, akwai kyakkyawan zaton daga irin wannan maƙera asalinsa ya fito. Ƙarfen fartanya da ƙarfen da ke cikin jininki ma a cikin taurari aka dafa su, fashewa ce ta watso su. Maƙeran garinku sari suke yi.

"To, in ta saito mu fa, ba mu ƙone ba?" Ai ga shi, mai cewa babu abin ya fara tambayar ko zai ci shi. Kwantar da hankalinka. Duk waɗanda aka auna nisansu daga wasu garkunan suke, can nesa. Ta 2022 ma, duk da tsananinta, iyakarta ta ɗan motsa saman bargon iska, sashen nan da ke dawo da igiyar rediyo ƙasa har kuke kama tashoshin gajeren zango. Na'urori sun auna motsin. Kai ko shayinka bai girgiza ba. Ta kuma bar kwalliya: eksirenta ya bugi ƙurar da ke cikin garken taurarinmu, aka ga zobba cikin zobba a hoto, kamar an jefa tsakuwa a rijiya.

Har yanzu ba a rufe littafin ba. A Janairun 2024 Sin da abokan aikinta na Turai sun harba Einstein Probe, wadda aka kwaikwayi idon wani ƙaguwan teku wajen ƙera nata idon don ta kalli fili mai faɗi a lokaci guda. A Yunin shekarar kuma Sin da Faransa suka harba SVOM. Kun san dalilin wannan ɗawainiya? Don har gobe ba su gama yarda da bayanin da suka yi da bakinsu ba. An ma sami doguwar walƙiya da ta zo da alamun karon gawa da gawa, ta rikita musu rabon da suka yi na doguwa da gajeruwa, suka koma teburin musu suna murna.

Saboda haka ni ban zo raba ku da musu ba. Musu sana'a ce mai daraja, da shi aka gano duk abin da na lissafa muku. Ƙorafina ɗaya ne: naku musun malalaci ne, ba ya tashi daga benci. Na Klebesadel ya yi shekara shida yana lissafi, na mutanen Italiya ya hau roka. Naku ko takalmi bai taɓa sawa ba.

Ga jinga mai sauƙi. Daren da aka ɗauke wuta a lokacin sanyi, maimakon ku zauna zagin masu wutar, ku fita tsakar gida ku nemo Kaza da 'Ya'yanta. Ku ƙirga 'ya'yan. In kun koma benci da safe wani zai ce shida, wani ya ce bakwai, musu ya tashi. Wanda ya fara cewa "ku bari dare ya yi mu sake dubawa", ni zan biya masa shayi har da ƙwai. Sauran kuwa kowa ya taɓa aljihunsa, na yau ne kawai na ɗauka.